Waheeda Rehman: Rawa, Mutunci da Doguwar Rayuwar Sana'a a Fina-finan Indiya

Gabatarwa

A masana'antar fina-finan Indiya ta birnin Bombay, wanda ake kira Mumbai a yau, tauraruwar jaruma mace ba ta cika daɗewa tana haskawa ba. Ko dai aure ya ɗauke ta daga idon 'yan kallo, ko shekaru su sa a daina nemanta, ko kuma rai ya yi halinsa. Nargis ta ja da baya bayan ta auri Sunil Dutt a 1958. Madhubala ta rasu a 1969 tana da shekara 36, Meena Kumari ta bi bayanta a 1972 tana da shekara 38. Vyjayanthimala, wadda ake yi wa kallon sarauniyar rawa ta wancan zamani, ta jingine fim ba da daɗewa ba bayan aurenta a 1968. Waheeda Rehman tsararsu ce a sana'a, amma ita ta fara fitowa a fim a 1955, kuma a 2021 an sake ganin ta a wani sabon fim. Shekara 66 ke nan tsakanin waɗannan fitowa biyu.

Wannan muƙala ta bi sawun wannan doguwar tafiya domin gano abin da ya riƙe ta. A Hausa idan aka ce wani ya taka rawa, ana iya nufin ya motsa jiki bisa kiɗa, ana kuma iya nufin ya ɗauki wani matsayi a cikin sha'ani ko a cikin wasa. Ma'anonin biyu sun haɗu a rayuwar Waheeda. Rawa ta kiɗa ce ta shigar da ita fim, horon da ta samu a wannan rawa shi ya zama ginshiƙin wasanta ko a inda babu kiɗa, sannan manyan fina-finanta sun ginu ne a kan tambaya guda: mene ne matsayin macen da ke rawa a gaban jama'a?

Rawar da Ta Koya

An haifi Waheeda Rehman ranar 3 ga Fabrairu, 1938 a garin Chengalpattu da ke kusa da Madras, wato Chennai ta yanzu, a kudancin Indiya. Gidansu gidan Musulmi ne, mahaifinta Mohammed Abdur Rehman babban ma'aikacin gwamnati ne mai kula da gunduma, ita ce kuma auta cikin 'ya'ya mata huɗu. Tun tana ƙarama aka sa ta koyon Bharatanatyam, rawar gargajiya ta ƙasar Tamil, ita da yayarta Sayeeda.

A lokacin wannan rawa ba ta daɗe da samun mutunci a idon 'yan boko ba. Sunanta na da shi ne sadir, kuma masu ita su ne matan da ake kira devadasi, waɗanda ake keɓe wa wuraren bautar Hindu tun suna yara. Ba sa yin aure irin na sauran mata, sukan rayu ne ƙarƙashin kulawar masu sarauta da attajirai, saboda haka Turawan mulkin mallaka da masu rajin gyaran al'umma suka yi wa al'adar kuɗin goro a matsayin karuwanci. A 1947 aka yi doka a lardin Madras wadda ta haramta keɓe 'yan mata ta wannan hanya. Ana cikin wannan yaƙi ne wasu masu ilimi suka tashi ceto rawar ita kanta. Rukmini Devi Arundale, 'yar gidan Brahmin, ta kafa makarantar Kalakshetra a Madras a 1936, aka gyara sutura, aka rage waƙoƙin da ke da ƙanshin batsa, aka kuma yayata sabon sunan. Sakamakon ya zo da fuska biyu: 'ya'yan manyan gida sun sami damar koyon rawar ba tare da an zage su ba, su kuwa matan da suka gaje ta iyaye da kakanni aka ture akasarinsu gefe. Waheeda na cikin rukunin farko, amma tarihin rukuni na biyu ne za ta zo ta kwaikwaya a fim ɗin da ya fi ɗaukaka ta.

Bharatanatyam tana da sassa biyu da ya kamata a rarrabe. Akwai nritta, wato zallar motsi: buga ƙafa daidai da kiɗa, durƙuso a kan gwiwoyin da aka buɗe, da miƙa hannuwa bisa tsari. Akwai kuma abhinaya, wato isar da ma'ana da ido da gira da leɓe da alamomin yatsu, ta yadda mai rawa za ta ɗauki baiti guda na waƙa ta nuna shi a fuska ta hanyoyi da dama, yanzu ga bege, an jima ga fushi, can ga kunya. Wannan sashe na biyu yana da matuƙar amfani a fim ɗin Indiya saboda wani dalili na fasaha. Jaruman ba su ne ke rera waƙoƙin ba. Mawaƙan bayan fage irin su Lata Mangeshkar da Geeta Dutt ne ke rerawa a ɗakin ɗaukar sauti, jaruma kuma ta bi da baki a gaban kyamara. Tunda muryar aro ce, abin da ya rage mata shi ne fuska da jiki, kuma yarinyar da ta shekara tana koyon fassara baiti da ido ta riga ta san wannan aiki kafin ta taka ƙofar sutudiyo.

Daga Madras zuwa Bombay

Burinta na ƙuruciya shi ne ta zama likita. Rasuwar mahaifinta a 1951 da ƙuncin da gidan ya shiga suka sauya lissafi. Fitowarta ta farko ita ce a Rojulu Marayi, fim ɗin harshen Telugu na 1955, inda ba a ba ta komai ba sai rawa ɗaya a cikin waƙar manoma ta farkon damina. Waƙar ta karɓu ƙwarai, kuma a dalilinta ne darakta Guru Dutt ya gamu da ita a Hyderabad, ya gayyace ta Bombay.

Abin da ya faru wajen sa hannu a yarjejeniya ya nuna irin halinta tun da wuri. A wancan zamani al'ada ce jaruman da suka fito daga gidajen Musulmi su ɗauki wani suna: Yusuf Khan ya zama Dilip Kumar, Mahjabeen Bano ta zama Meena Kumari, Mumtaz Jehan ta zama Madhubala. An nemi Waheeda ta bi sahu, ta ƙi, ta ce sunan da iyayenta suka raɗa mata ya ishe ta. Ta kuma nace sai an rubuta cewa ba za a tilasta mata sa suturar da ba ta gamsu da ita ba. Yarinya ce da ba ta kai shekara 18 ba, mahaifiyarta ce ma ta sa hannu a madadinta, ba ta kuma gama iya harshen Hindi na fim ba. Duk da haka aka amince, aka sa ta a C.I.D. na 1956, wanda Raj Khosla ya ba da umarni, Dev Anand ya ja ragama, ita kuma ta fito a matsayin Kamini, mace mai hulɗa da miyagu wadda daga baya ta ceci jarumin.

Shekara guda bayan haka Guru Dutt ya ba ta matsayin Gulabo a Pyaasa. Gulabo karuwa ce, ita kaɗai ce kuma ta ga darajar waƙoƙin wani matalaucin marubuci da 'yan'uwansa da tsohuwar masoyiyarsa suka yi watsi da shi. Akwai wata fitowa a fim ɗin da ta isa misali ga abin da aka faɗa game da abhinaya. Wata mawaƙiyar bege tana rera waƙa a bakin titi, Gulabo tana hawa bene a bayan marubucin, ta matso har ta kusa taɓa shi, sannan ta janye ta gudu. Ba ta furta kalma ba, ba ta kuma yi rawa ba, amma yadda take ɗaga ƙafa a kan matakala da yadda idonta ke cika yana sauka duk a kan ma'aunin kiɗan suke tafiya. Mai ɗaukar hoto V. K. Murthy ya gane cewa fuskar nan tana iya ɗaukar kyamara daga kusa na dogon lokaci, ya kuma ci moriyar hakan a Kaagaz Ke Phool na 1959, fim ɗin da ya faɗi a kasuwa a lokacinsa amma yau ake koyar da shi a makarantu. Ta sake aiki da kamfanin Guru Dutt a Chaudhvin Ka Chand na 1960, labarin Musulmin birnin Lucknow, da Sahib Bibi Aur Ghulam na 1962. A shekarar 1962 ɗin ne kuma Satyajit Ray ya sa ta a Abhijan da harshen Bengali. Kafin rasuwar Guru Dutt a 1964 ta riga ta tsaya da ƙafafunta, abin da ya kuɓutar da ita daga zama jarumar darakta guda.

Rosie da Hirabai

Fina-finai biyu da suka fito a jere su ne ƙololuwar aikinta, kuma dukansu labarin 'yar rawa ne.

Guide na 1965, wanda Vijay Anand ya ba da umarni, an ciro shi ne daga littafin R. K. Narayan na 1958. Waheeda ta fito a matsayin Rosie, 'yar wata mata daga zuriyar masu rawar gado. Uwar ta aurar da ita ga Marco, wani mai binciken kayan tarihi da ya girme ta, domin ta raba ta da tabon asalinta. Sharaɗin auren shi ne ta manta da rawa. Marco ya fi damuwa da zanen da ke bangon kogo fiye da matar da ke ɗakinsa, kuma akwai zambo a nan: yana bautar gumakan 'yan rawa na dutse, yana ƙyamar mai rawa mai rai. Raju, ɗan jagoran masu yawon buɗe ido, wanda Dev Anand ya fito a matsayinsa, shi ya ƙarfafa mata gwiwa ta bar mijin ta koma ga rawa. Ta tare a gidansu Raju ba tare da aure ba, mahaifiyarsa ta bar gidan, gari ya juya masa baya. Rosie ta shahara da sunan Nalini, kuɗi suka shigo, Raju ya faɗa caca da giya, ya yi jabun sa hannunta, aka ɗaure shi.

An gargaɗe ta cewa wannan matsayi zai iya kashe mata kasuwa, domin jarumar fim ɗin Indiya ta 1965 ba ta barin miji, balle ta zauna da wani namiji, balle daga baya ta juya wa shi ma baya. Ta karɓa duk da haka. Abin da ya sa 'yan kallo ba su tsani Rosie ba yana cikin raye-rayen. Ta farko ita ce rawar maciji, wadda Hiralal ya tsara. Rosie ta roƙi Raju ya kai ta unguwar masu wasa da maciji, ta tsaya tana kallon wata mata tana rawa, sai jikinta ya fara amsa kiɗan ba da shawararta ba, har ta faɗa fili. Babu waƙa a wannan fitowa, babu murmushin jan hankalin namiji. Rawa ce mai kama da hawan iska, ta macen da aka danne shekara da shekaru, kuma idan ta ƙare mai kallo ya riga ya fahimci abin da auren Marco ya hana ta ba tare da an yi masa bayani ba. Daga baya akwai waƙar da take bisa bayan mota a kan ciyawa, ta ɗaga tulun ƙasa ta jefar ya tarwatse a kan hanya. Sai kuma wata doguwar waƙa da aka yi amfani da ita wajen taƙaita hawan Nalini daga ƙaramin dandamali zuwa manyan zauruka, kowane baiti da suturarsa da salon rawarsa. A fina-finai da yawa na lokacin ana iya yanke rawa a jefar, labari ya ci gaba lafiya. A Guide idan aka cire raye-rayen labarin ya rushe.

Ya dace a lura cewa fim ɗin bai yi wa Rosie adalci har ƙarshe ba. Kashi na ƙarshe ya koma kacokan kan Raju, wanda ƙauyawa suka ɗauka waliyyi ne, ya yi azumin roƙon ruwa har ya mutu, ita kuwa aka bar ta a gefe tana kuka. Narayan kansa bai ji daɗin yadda aka juya masa littafi ba, ya kuma rubuta hakan. Duk da wannan, matsayin ya kawo mata kambun Filmfare na gwarzuwar jaruma, ta sake samun wani da Neel Kamal na 1968.

Teesri Kasam na 1966 ya ɗauki tambayar ta wata fuska, kuma ana iya cewa ya fi Guide gaskiya. Basu Bhattacharya ne darakta, marubucin waƙoƙi Shailendra ya zuba kuɗinsa, labarin kuma na Phanishwar Nath Renu ne. Hirabai 'yar rawa ce a ƙungiyar nautanki, masu wasan kwaikwayo da waƙa da ke yawo daga wannan cin kasuwa zuwa wancan a karkarar Bihar. Hiraman, mai amalanken shanu, wanda Raj Kapoor ya fito a matsayinsa, shi aka ɗauka haya ya kai ta wajen bikin. A hanya ya riƙa girmama ta kamar 'yar sarki, yana sakaya ta daga idon mutane, domin bai san yadda duniya ke kallon irinta ba. Da ya gan ta a dandamali 'yan kallo suna jifan ta da kalaman banza, sai ya kama faɗa. Wani mai ƙasa ya nemi ya saye ta da kuɗi ta ƙi. A ƙarshe ta hau jirgin ƙasa ta tafi, saboda ta san ba za ta iya zama matar da Hiraman ke gani a zuciyarsa ba, ba ta kuma so ta rushe masa wannan hoto. Rantsuwa ta uku da sunan fim ɗin ke nufi ita ce wadda ya yi cewa ba zai ƙara ɗaukar 'yar nautanki a amalankensa ba.

A nan Waheeda ta ajiye tsaftatacciyar rawar makaranta ta ɗauki ta kasuwa, mai kashe ido da murguɗa baki. Gwanintar tana wajen sauyin da fuskarta ke yi tsakanin dandamali da bayan labule, har mai kallo ya ga cewa fara'ar Hirabai kayan aiki ce da take sawa tana cirewa. Fim ɗin ya ci kyautar ƙasa ta fim mafi kyau, amma bai yi kasuwa ba, Shailendra kuma ya rasu a ƙarshen wannan shekara.

Wannan tambaya ta mutuncin mai rawa ba baƙuwa ba ce ga mai nazarin fim a ƙasar Hausa. Tun daga shekarun 1950 'yan kasuwa 'yan asalin Labanan suka riƙa kawo fina-finan Indiya gidajen sinima na Arewa, kuma manazarta irin su Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun nuna yadda fim ɗin Hausa ya ari tsarin rawa da waƙa daga can. Tun kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, rawa tana cikin abubuwan da aka fi kai ruwa rana a kansu, kuma 'yan wasa mata ne suka fi ɗaukar nauyin zargin. Abin lura shi ne an ari rawar a matsayin ado, amma ba a cika aro irin labarin da ke sa jama'a su dubi yadda suke sha'awar mai rawa da dare su ƙyamace ta da safe ba, alhali shi ne abin da Guide da Teesri Kasam suka yi.

Daga Jaruma zuwa Uwa

Bayan waɗannan ta nuna cewa tana iya riƙe fim ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. A Khamoshi ta fito a matsayin ma'aikaciyar jinya a asibitin masu taɓin hankali, wadda ake sa ta nuna wa majinyata ƙauna a matsayin magani har ita ma hankalinta ya gushe. Reshma Aur Shera na 1971, wanda Sunil Dutt ya ɗauka a hamadar Rajasthan, ya kawo mata kyautar ƙasa ta gwarzuwar jaruma, a 1972 kuma gwamnati ta ba ta lambar Padma Shri.

Shekara guda bayan wannan lambar, tana da shekara 35, ta fito a Phagun a matsayin mahaifiyar Jaya Bhaduri, wadda ta girma da shekara 10 kacal. Daga nan masu shirya fim suka sa ta a layin iyaye. A 1974 ta auri Shashi Rekhy, wanda aka sani da Kamaljeet, abokin wasanta a Shagoon na 1964, daga baya suka koma Bangalore da zama. A 1976 ita ce matar Amitabh Bachchan a Kabhi Kabhie. A 1978 ita ce mahaifiyarsa a Trishul, ga shi shekara huɗu ne da 'yan watanni tsakaninsu. A wannan shekarar ta 1978 Dev Anand, wanda ya girme ta da fiye da shekara 14, yana can yana fitowa a saurayi a Des Pardes tare da Tina Munim, wadda aka haifa bayan fitowar C.I.D. Ba a bukatar dogon sharhi a kan wannan lissafi.

Wanda ya fara sanin fina-finan Indiya a zamanin kaset ɗin bidiyo zai fi tuna ta a wannan kama, musamman a Coolie na 1983, inda ta fito a matsayin Salma, mahaifiyar Iqbal ɗan dako. Ba duk waɗannan matsayi ne suka kai darajarta ba. Da yawansu uwa ce mai kuka da addu'a wadda aikinta kawai ta ba jarumi dalilin ɗaukar fansa. Amma inda aka ba ta fili, kamar Namkeen na Gulzar a 1982, inda ta fito a tsohuwar 'yar nautanki mai faɗa da ke tsare 'ya'yanta mata uku daga sana'ar da ta baro, sai a ga kamar Hirabai ce ta tsufa. A Lamhe na 1991 Yash Chopra ya sa ta ta ɗan taka waƙar nan ta fasa tulu ta Guide cikin raha, tana da shekara 53, kuma taku da kafaɗa ba su manta ba.

Daga nan ta yi kusan shekara goma ba ta fito ba. Bayan rasuwar mijinta a 2000 ta koma Mumbai, ta dawo aiki da Om Jai Jagadish a 2002, sai Water na Deepa Mehta a 2005. A Rang De Basanti na 2006 ita ce mahaifiyar matuƙin jirgin yaƙin da ya mutu a haɗari, kuma muryar da ta rera kukan uwar a waƙar jana'izar ita ce ta Lata Mangeshkar, wadda ta rera wa Rosie shekara 41 da suka wuce. A Delhi-6 na 2009 ta zama kakar Abhishek Bachchan, bayan ta riga ta fito a mahaifiyarsa a 2002. Ke nan a gida ɗaya ta yi wa uwar uwa, ta yi wa uban mata da uwa, ta yi wa ɗan uwa da kaka. Fitowarta ta 2021 ita ce a Skater Girl, inda ta yi ɗan gajeren matsayi na basarakiya.

An ba ta lambar Padma Bhushan a 2011. Ranar 26 ga Satumba, 2023, wadda ta yi daidai da cika shekara 100 da haihuwar Dev Anand, gwamnatin Indiya ta sanar da ba ta kyautar Dadasaheb Phalke, mafi girma a harkar fim a ƙasar, Shugaba Droupadi Murmu kuma ta miƙa mata a Delhi a watan Oktoba, tana da shekara 85. Ita ce mace ta takwas cikin mutum 53 da aka ba kyautar zuwa wancan lokaci, tun da aka fara da Devika Rani, kuma biyu daga cikin matan nan takwas, Lata Mangeshkar da Asha Bhosle, mawaƙan bayan fage ne.